Ba a awon hawan jini ana haki

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni dan fili in yi magana da 'yan uwana mazauna Makka da masu zuwa umra akan awon hawan jini, wanda nan dagat suke ce masa.

Satin da ya wuce wata Hajiya makociyarmu a Misfala ta taso daga Harami a kafa bayan la'asar, rana kamar ta fasa kai, ta tsaya ta sha gahawa, ta fada saidaliyya, wato kantin magani, tana haki aka daura mata na'ura a saman hannun abaya tana ta zuba labari, sai ga 165 bisa 95. Wallahi da ta dawo har wasiyya ta fara, kuma wai a karbo mata kwayar hawan jinin kawarta ta hadiya.

Na ce Hajiya ki yi hakuri wannan ai ba awo ba ne. Sai mutum ya zauna minti 5 ya huta, bayansa a jingine, kafa a kasa ba a harde ba, hannu a kan tebur daidai kirji, kuma a fata ake daurawa ba kan riga ba. Ba gahawa ba shayi ba sigari minti 30 kafin nan, in da fitsari a je a yi don shi ma yana daga lamba, sannan a yi shiru, wanda shi ne ya fi mana wuya mu Hausawa. Ga maganar madaurin, in ya yi wa damtse kadan lambar hawa take yi, iyayenmu mata masu jiki su suka fi shan wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma sai an samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban take cewa hawan jini ne, Amurka kuwa tun 2017 suka sauko da nasu 130 bisa 80.

Na ara mata na'urar damtse, ba irin ta tsintsiyar hannu ba, tana awo sau biyu safe da yamma jikarta na rubutawa a bayan kalanda. Lambar ta sauka amma ba can ba, don haka ranar Lahadi da kalandar za mu je wajen likita, kwayar kawar kuma na sa an mayar mata.

Naku,
Wani mazaunin Misfala, Makka