Kafin a yi murnar samun baƙuncin gasa, a tambayi wanda zai biya

Assalamu alaikum Edita.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rububin da birane ke yi na neman karɓar baƙuncin manyan wasanni, irin su Olamfik da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Ranar da aka kira sunan birnin da ya yi nasara, sai ka ga magajin gari da ministoci suna tsalle suna rungumar juna. A ganina, galibi mazauna birnin ne ke kwana a ciki.

Tun daga yarjejeniyar karɓar baƙuncin ake shan su. Kuɗin haska wasa a talabijin da na manyan kamfanonin talla suna shiga hannun FIFA ko kwamitin Olamfik na duniya ne, su yaga wani kaso su ba masu shiryawa. Ginin filaye da tsaro da hanyoyi kuwa na mai masauki ne, kuma idan kuɗi suka gaza shi zai cike giɓin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. FIFA har yafe mata haraji take nema, kuma kafin gasar cin kofin duniya ta 2014 sai da ta sa mai masauki Brazil ta sassauta dokarta da ta hana sayar da giya a filayen wasa. Ga shi ranar buɗe gasa ba ta ɗaguwa. Ɗan kwangila ya san haka sarai, don haka idan lokaci ya ƙure, abin da ya yanka shi za a biya. Montreal ta Kanada ta yi Olamfik a 1976, amma ba ta gama biyan bashin ba sai 2006, har da harajin taba sigari aka haɗa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayan an watse. A birnin Manaus na Brazil, tsakiyar dajin Amazon, an gina fili mai cin mutum sama da 40,000 don wasanni huɗu kacal na gasar 2014, a garin da ƙungiyoyinsa ba sa tara ko kusa da haka. A Brasilia, harabar filin da ya fi kowanne tsada a gasar ta koma wurin ajiye motocin bas. Maracana kuwa, filin da duk mai son ƙwallo ya san sunansa, watanni kaɗan bayan Olamfik ɗin Rio na 2016 aka yanke masa wuta saboda bashi, ciyawa ta bushe, ɓarayi suka ɓalle kujeru. Kuma kada a manta da mutanen unguwar Vila Autódromo da aka tasa daga gidajensu saboda suna maƙwabtaka da dandalin wasannin. Su wace riba suka ci?

Za a ce ai baƙi na zuwa da kuɗi. Suna zuwa, amma wasu da suka saba zuwa suna ƙauracewa don gudun cunkoso da tsadar masauki. A watan Agustan 2012, ana tsaka da Olamfik a Landan, yawan masu shiga Birtaniya raguwa ya yi idan aka kwatanta da na shekarar da ta gabata.

Ban ce ba a taɓa dacewa ba. Barcelona ta Sifen ta yi amfani da wasannin Olamfik na 1992 ta gyara bakin tekunta da hanyoyin da suka zagaye gari, ayyukan da dama tana buƙatarsu ko babu gasa. Los Angeles ta fita da rarar sama da dala miliyan 200 a Olamfik ɗin 1984, domin ita kaɗai ta rage a takara, sai ta gindaya sharuɗɗanta, ta kuma yi amfani da tsohon filin da aka yi wasannin 1932 a cikinsa. Amma birni nawa ne ke da wannan dama?

Jama'a dai sun fara farga. Mutanen Hamburg ta Jamus sun kaɗa ƙuri'a a 2015 suka ce ba sa son karɓar baƙuncin Olamfik. Boston da Rome da Budapest su ma suka janye daga neman na 2024. A 2023 jihar Victoria ta Ostireliya ta gwammace ta biya diyyar dalar ƙasar miliyan 380 ta fasa shirya wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2026, Glasgow ta Scotland ta karɓa bayan an rage su zuwa nau'o'in wasanni 10 a filayen da take da su.

Roƙona gare ka, Edita, duk sanda wani birni ya fito takara, ka sa wakilanka su nemo kasafin kula da filayen bayan gasa da sunan hukumar da za ta riƙa biya, ku buga mana tun kafin a sa hannu.

Wassalam.
Mai bibiyar shafinku na wasanni.