Kafin a ce "an gano sinadari" a karkade ko bagaruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi gyara kan wata magana da ta zama ruwan dare a rahotannin lafiya, har ta cika wayoyin Hausawan nan Sudan daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kasala, wai "masana sun gano sinadarin da ke maganin cuta kaza a ganye kaza". In aka bi diddigi, galibi abin da aka yi bai wuce an jiƙa garin ganye a ruwan tatsa na metanol, an ɗiga masa wasu ruwaye ya sauya launi ba. Wannan somin-taɓi ne. Daga jiƙo zuwa sinadari tsantsa da aka san sunansa da siffarsa tafiyar watanni ce, kuma a hanya ne yawancin irin wannan iƙirari yake mutuwa.

Tun a kasuwa ake fara ɓata aikin. Ɗalibi ya je wurin mai kayan magani ya ce a auna masa sanamakka, ya rubuta a takarda cewa Senna alexandrina ya gwada. To amma filaskon da Bahaushe ya sani sau da yawa Senna italica ne, bai kai wancan ƙarfi ba, kuma tun da daɗewa an san ana cakuɗa sanamakka da ganyen wani tsiro daban mai suna harjal. Bayan an daka, wa zai bambance? Ka'ida ita ce a tsinko tsiron da furensa da 'ya'yansa, masanin tsirrai ya tabbatar da shi, a danne samfuri a ajiye da lamba, da ranar tsinka da wurin. Littafin ka'idojin magunguna na Turai ya ƙayyade mafi ƙarancin adadin sinadarai masu wanke ciki, wato su sennosaid, da ya kamata a samu a ganyen sanamakka na gaske. Wanda bai tabbatar da ganyensa ba, da me zai kwatanta abin da ya samu?

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, ko a tanda da zafinta bai wuce digiri 40 ba. Rana tana kashe jan karkade, wanda ake kira zoɓo a gida Najeriya, danshi kuma yana kawo fumfuna, ita ma da nata sinadaran da za su shiga lissafi ba a gayyace su ba. Sai a niƙa a tankaɗe. Giram 500 na gari yana son lita 5 na etanol mai ƙarfin kashi 70, a cikin kwalbar gilashi mai murfi, kwana uku ana girgizawa, a tace, a maimaita sau biyu a kan tukar. Daga nan a janye ruwan da na'urar da ke juya kwalba tana rage matsin iska, ruwan wankanta a digiri 40. Abin da zai rage wani baƙin ƙullu ne mai danƙo, wataƙila giram 50 zuwa 100, kuma a cikinsa akwai ɗaruruwan sinadarai.

Zafi shi ne babban abokin gabanmu a ƙasar nan. Littattafai suna cewa a jiƙa "a zafin ɗaki", suna nufin wajen digiri 25. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a Wad Madani cikin watan Mayu yana iya haura 40. Ruwan tatsa mai suna ita (ether) yana tafasa a 35, wani mai suna daikuloromiten a 40, don haka kwalbar tana iya cilla murfinta da kanta. Ba ƙaramin abu ba ne: Tu Youyou ta ƙasar Sin ba ta samu maganin zazzaɓin cizon sauro daga tazargaden ƙasarsu ba sai da ta bar tafasawa ta koma tatsa da ruwan ita (ether) a 1971, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Karkade ya fi kowa raki. Sinadaran da ke ba shi launi, antosayanin, suna zaune lafiya ne kawai a cikin tsami da duhu da sanyi, shi ya sa ake ɗan tsamama ruwan tatsar da asid mai laushi kamar fomik, a naɗe kwalbar da takardar alminiyam. In aka haɗa masa asid mai ƙarfi da zafi, sukarin da ke maƙale da sinadarin zai gutsure, mutum ya wayi gari yana nazarin abin da shi ya ƙera da hannunsa. 

Sai rabo. A narkar da ƙullun a ruwa, a zuba a mazurarin rabewa, a girgiza shi da ruwayen tatsa ɗaya bayan ɗaya: hekzen ya kwashe mai da kakin ganye, sannan daikuloromiten, sannan itil asetet, sannan butanol, kowanne sau uku. An samu kaso biyar ke nan har da ruwan da ya saura. Kowane kaso sai an gwada shi a kan abin da ake zargin yana yi, wanda ya nuna aiki shi kaɗai ake bi. Aduwa, da ake kira lalob a nan, misali ce mai kyau. Tun 1933 Archibald, na ɗakin binciken Wellcome da ke Khartum, ya wallafa cewa 'ya'yanta suna kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya, cutar da ta addabi manoman magudanan Jazira. Mai bin wannan sawu zai sa katantanwa a kowane kaso na awa 24, ya mai da su ruwa mai tsabta na wasu awa 24, ya ƙirga matattu. Zai tarar ƙarfin ya fi taruwa a kason butanol, inda saponin suke. Su ne masu kumfa kamar sabulu, kuma a na'urar janye ruwa kumfar kan haura ta tafi da rabin aikin idan aka yi gaggawar rage matsi.

Inda muke so a fi lura shi ne bagaruwa, garad a bakin mutanen nan. Kusan duk gwajin da aka sa ta sai ta "ci": ta hana ƙwayar bakteriya yaɗuwa a faranti, ta tsai da wannan enzayim (furotin mai tafiyar da wani aiki a jiki), ta tsai da wancan. Dalilin yana majema. Tanin da ke kama fata ya mai da ita kirgi shi ne yake kama kowane furotin da ya tarar a kwalbar gwaji, ba ya zaɓe. Saboda haka kafin a yi shela, a cire tanin ɗin tukuna: a bi da kason ta cikin garin foliyamaid, ko a riƙa ɗiga ruwan jelatin kashi 1 mai gishiri kashi 10 har ya daina yin gudaji, a tace, a sake gwaji. In aikin ya ɓace, to jima aka yi. Hakan bai rage wa bagaruwa daraja wajen kurkure baki da wanke miki ba, amma ba hujja ba ce ta cewa za ta bi jini ta kashe cuta a huhu. Haka faɗin da'irar da ke bayyana a farantin bakteriya ba ma'auni ba ne, don ya dogara da yadda sinadarin ke ratsa abincin farantin. A nemi mafi ƙarancin adadin da ke tsai da ƙwayar. Ɗanyen tatso da sai ya haura maikurogiram 100 a mililita kafin ya yi aiki, masana da yawa ba sa ɗaukarsa da muhimmanci. A kuma gwada ruwan narkarwar shi kaɗai, don DMSO ma, wanda aka saba narkar da tatso a ciki, in ya yi yawa yana kisa.

Kason da ya tsallake wannan siraɗi shi ake ɗorawa a bututun silika, wato gari mai raba sinadarai yayin da ruwa ke gangarawa da su, giram 30 zuwa 50 na silika ga kowane giram guda. A fara wankewa da hekzen ana ƙara itil asetet sannu a hankali, ana tara mililita 20 zuwa 50 a kwalabe masu lamba. Kada saman silikar ya bushe ko sau ɗaya. In ta tsage ko kumfa ta shiga saboda zafi, sinadaran za su sauko a cakuɗe. Kowace kwalba a ɗiga ta a farantin TLC, wanda ke nuna sinadaran da ke ciki ɗigo-ɗigo, a duba a fitilar UV ta nanomita 254 da 366, a fesa banilin mai asid a gasa a digiri 105. Da damina farantin yana shan danshi ya daina rabewa, sai an gasa shi rabin awa a 110. Antosayanin na karkade kuwa maƙalewa suke a silika, nasu sai wasu kayan cika bututu, Amberlite XAD-7 da Sephadex LH-20. Ɗigo guda a faranti ba shaida ba ne cewa an samu tsantsa sai ya tsaya guda a haɗin ruwaye uku daban-daban.

Na ƙarshe shi ne suna, kuma nan ne rahotanni suka fi yin tuntuɓe. Ana zuba ɗanyen tatso a GC-MS, na'urar da ke raba sinadarai ta auna nauyinsu, kwamfuta ta jero sunaye arba'in daga taskarta, a kwafe a ce an gano. Na'urar nan abin da ke iya zama tururi kawai take gani. Ta dace da man habbatus sauda da sinadarinsa taimokwinon, amma sennosaid da antosayanin da saponin ba sa ratsa ta a yadda suke. Sau da yawa ma "sabon sinadarin" da ke nuna alama a lamba 149 a ma'aunin na'urar talet ne, sinadarin laushin roba, da ya narke daga jarkar roba ko tiyo. Tabbacin suna sai da ma'aunin nauyi mai zurfi da NMR na haidurojin da na kabon, na'urar da ke nuna siffar sinadari, a kwatanta da abin da aka riga aka wallafa. Muna roƙon wakilanku, duk wanda ya ce ya gano sinadari, su tambaye shi miligiram nawa ya samu tsantsa, da wace na'ura ya tabbatar.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsai da ɗakunan bincike da dama a Khartum, don haka ɗalibai da yawa sai sun aika samfuri waje. Su busar da shi ƙarau, miligiram 5 zuwa 10, a 'yar kwalbar gilashi mai duhu, ba a cikin ruwa ba, ba a roba ba. Su rubuta ruwan da yake narkewa a ciki, su haɗa da hoton farantin TLC na ranar da aka rufe kwalbar, don a gane ko ya lalace a hanya. Rabi kuma su riƙe a gida.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin sinadaran tsirrai, daga Kasala, Sudan