Abin da ya kamata mai ziyarar Amsterdam ya sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda na yi kwana shida a watan Janairu, lokacin da rana ke faɗuwa kusan ƙarfe biyar, sanyin da ke tasowa daga hanyoyin ruwan birnin kuma yana ratsa ƙashi. Yawancin masu zuwa can hotunan gadoji da kekuna suke dawo mana da su, amma a ganina labarin da ya fi cancanta a bayar shi ne halin da birnin ya shiga a zamanin yaƙin Hitila, wanda mu a nan muka fi sani ta bakin tsofaffin sojojinmu da suka je Boma.

Jamus ta auka wa Holan ranar 10 ga Mayu, 1940, kafin mako ya zagayo kuma rundunar ƙasar ta miƙa wuya. Cikin Yahudawa kimanin 140,000 da ke zaune a ƙasar, an hallaka wajen 102,000. Na tsaya a wurin tunawa da su da aka buɗe a 2021, inda kowane tubali ke ɗauke da sunan mutum ɗaya, da ranar haihuwarsa, da shekarunsa sa'ad da aka kashe shi. Tubalan ƙananan yara ne suka fi tsaya mini a rai.

Ɗaya daga cikin dalilan yawan wannan asara, abin takaici, shi ne ingancin aikin ofis. A wancan lokacin rajistar jama'a ta ƙasar tana ɗauke da adireshin kowa da addininsa, don haka masu kame ba su sha wahalar nema ba. Wannan ne ya sa ranar 27 ga Maris, 1943, wasu 'yan gwagwarmaya ƙarƙashin Gerrit van der Veen da Willem Arondéus suka yi shigar 'yan sanda, suka kutsa ofishin rajistar birnin, suka cinna wa takardu wuta. Wani ɓangare kaɗai ya ƙone, kuma a watan Yuli aka harbe goma sha biyu daga cikinsu. Tun kafin nan, ranar 25 ga Fabrairu, 1941, ma'aikatan jiragen ƙasa na cikin gari da na tashar jiragen ruwa sun shiga yajin aiki saboda kamen maƙwabtansu Yahudawa, sai da aka murƙushe su da bindiga cikin kwana biyu.

Sanyin da ya gallabe ni duk da rigata mai kauri ya sa na fahimci hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da Jamus ta tare hanyar abinci, ruwan da kwale-kwale ke bi ya daskare, mutane suka koma cin albasar furen tulip, suna ɓalle katakon gidajen da aka kwashe masu su domin yin makamashi. Kimanin mutum 20,000 yunwa ta kashe a ƙasar.

Ina ba da shawara jaridarku ta ware shafi a kan wannan tarihi kafin ranar 4 ga Mayu, wadda ƙasar ke yin shiru na minti biyu da ƙarfe takwas na dare domin tunawa da mutanenta da suka mutu a yaƙi.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Kano