Wasiƙa daga Troyes: filin tanis na Baba da maganar kanti

Troyes, Faransa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuka ji da zafin Maraɗi? A gaishe mini da Baba da kyau, a ce masa ina neman albarka.

Saƙonka ya iso. Na ga Baba ya tsaya a kan bakansa: fegin bayan gida a mai da shi filin tanis, a buɗe ɗan shagon kayan wasa a gefe, jikoki su koya. Ina goyon bayansa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin kanti da raket da hidimar gida, in ya ce ga abin da yake so ya bari, sai a taya shi. Sai dai akwai kurakuran da gyaransu ya fi ginin tsada, shi ya sa na zauna na rubuta maka dalla-dalla.

Kafin a kira magini, a auna fegin. Filin wasan kansa tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa 10.97, na mutum biyu-biyu ke nan. Na ɗaya da ɗaya faɗinsa 8.23. Amma ɗan wasa yana ja da baya, yana kuma fita gefe, don haka wurin da za a kewaye ya kai kamar mita 36 da 18. In fegin bai kai ba, gara a yi ƙaramin fili na yara da a matse babba, mutum ya riƙa karo da katanga. Tsawon ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Wanda ya shimfiɗa shi gabas da yamma, rana za ta cika wa 'yan wasa ido da safe da la'asar, su ne kuwa lokutan da ake iya wasa a wajenmu. Bayan an kafa turaku, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke hannun riga da ita: mita 26.18, ta kowane ɓangare. In suka sha bamban, filin ya karkace. Raga kuma santimita 91.4 a tsakiya, mita 1.07 a jikin turke, layin sabis, wato iyakar inda bugun farko zai sauka, mita 6.40 daga raga.

Maganar daɓe ita ce mai nauyi. Na san Baba zai so jar ƙasa, don ta fi sauƙi ga gwiwa, kuma gaskiyarsa. To amma jar ƙasa kullum tana son ruwa da shara da abin dannewa. Ko filin Roland Garros na Paris, garin jan bulon da ake gani a sama bai wuce milimita 2 ba, abin da ke ƙarƙashi ne ke riƙe shi, kuma ba sa barinsa ya bushe. A hunturu, kwana biyu ba ban-ruwa, iska ta kwashe saman, ƙasan ya tsattsage. Idan babu rijiyar burtsatse a gidan, shawarata a yi siminti. A daddanne ƙasa da tsakuwa sosai kafin zubi, a ba shi gangare na santimita 1 a kowace mita zuwa gefe guda don ruwan damina ya wuce, a yi ta yayyafa masa ruwa, kada fenti ya taɓa shi sai ya cika kwana 28. Fentin a haɗa shi da yashi mai laushi. In ba yashi, santsi zai kayar da mutum, ƙwallo kuma ta riƙa sulalewa.

Shagon kuwa, kada a dogara da sayar da raket, mutum ɗaya yakan shekara da nasa. Cinikin da ke dawowa shi ne ɗaura zare. Naɗi guda na mita 200 yana ɗaura raket 16, kowane na cin kamar mita 12. Yawancin mutane ƙarfin ja na kilo 23 zuwa 25 ya ishe su. Ana fara zaren tsaye daga tsakiya, uku dama uku hagu. Wanda ya gama gefe guda kafin ya koma ɗayan, kan raket zai murɗe. Haka in zare ɗaya ya tsinke, a yanke sauran nan take. Kafin a ɗora raket a kan inji a duba tsaga a gaban mai shi, musamman jabun da suka cika kasuwa, don in ya karye a hannunku rigima ce. A duba ƴan robobin da zare ke ratsawa, in sun cinye su ke yanka sabon zare. Yara da dattawa irin su Baba a sa musu zaren nailan. Poliyesta yana da tauri, yana jawo ciwon gwiwar hannu. Jikoki ƙanana su fara da jar ƙwallo mai laushi da gajeren raket, sannan ruwan lemo, sannan kore, kafin ta manya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, Yaya, kuma ina roƙonka ka karanta wa Baba wannan sashe da kanka.

A garin nan ake ɗinka rigunan nan masu hoton kada. Wanda ya kafa kamfanin, René Lacoste, an haife shi a 1904, ya rasu a 1996 yana da shekara 92. Ya ci manyan gasannin tanis bakwai tsakanin 1925 da 1929, uku a Faransa, biyu a Wimbledon, biyu a Amurka, sannan ciwon ƙirji ya sa ya ajiye gasa yana ɗan shekara 25. A 1933 ya haɗa hannu da André Gillier, mai masana'antar saƙa a nan Troyes: shi da suna da fasalin riga, Gillier da injuna. Abin lura shi ne 1963. Yana da shekara 59, da ƙarfinsa, ya miƙa wa ɗansa Bernard ragamar kamfanin, ya koma ƙere-ƙerensa, har raket na ƙarfe da ɗan wasan Amurka Jimmy Connors ya yi suna da shi. Ya ƙara shekara 33 a duniya yana ganin yadda ɗan ke tafiyar da abin, in an karkace ya gyara. Bernard ya riƙe har 2005, rashin lafiya ta sa ya miƙa wa ƙaninsa Michel. A 2012 saɓani ya tashi tsakanin Michel da 'yarsa Sophie a kan shugabanci, dangi suka rabu biyu, kafin shekarar ta fita kamfanin Maus Frères na Suwizalan ya saye shi. Shekara 16 kacal bayan rasuwar tsohon, kamfanin kada ya bar hannun gidan.

Mu ma mun sha ganin irinsa a kasuwa. Mai kanti ya rasu, a fitar da tumunin takaba, a raba saura namiji kashi biyu mace ɗaya kamar yadda shari'a ta ce, kowa ya ce a ba shi nasa a hannu, sai a sayar da kaya da rumfa. Rabon ba shi da laifi. Rashin shiri ne ke kashe kantin. Don haka tun Baba na da lafiya, Allah ya ƙara masa, a zauna da shi da malami da shaidu biyu. A ƙirga kayan kanti da bashin da ake bin mu da wanda muke bi, a rubuta. Fili da shago a yi musu rajista da sunan kasuwanci, asusunsu dabam da kuɗin cefane. Baba ya faɗi da bakinsa wanda zai riƙe, a yanka wa wannan albashi, don kada wahalarsa ta narke cikin ribar kowa. A rubuta cewa duk wanda ke son fita, sai ya fara tallata wa 'yan'uwa kasonsa, da yadda za a yi masa kuɗi, da wa'adin biya. 'Yan'uwanmu mata su kasance a zaman, su ji da kunnensu, kada a bari sai labari ya iske su a ɗakunansu. Na san maganar tana da nauyi a baki, amma kai ne babba, daga gare ka Baba zai fi karɓarta.

Injin ɗaura zare na hannu da naɗi biyu na nailan zan aiko ta hannun mai zuwa Yamai bayan Sallah. Ka turo mini awon fegin, tsawo da faɗi, ka kuma nuna mini ta ina gabas take.

A gaida Inna da matanka da yara duka. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Ƙaninka