Ƙanin Maigidana Ya Ɗauke Ƙafa Tun Da Aka Ambaci Gwaji

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da masu sauraro.

Maigidana ne ke fama da ciwon ƙoda irin na gado. Wasu ƙulluttai masu ruwa ne suka cika masa ƙodojin duka biyu, suna girma suna danne naman mai lafiya. Shi ya yi ajalin mahaifinsu, lokacin aka yi ta cewa sammu ne. Yanzu wankin ƙoda ake yi masa, awa huɗu yana kwance jikin na'ura. Sau uku a mako ya kamata, mu kuwa sai yadda aljihu ya ba da hali. Filina na gado ya tafi, sarƙata ma ta bi shi.

Na tambayi likita labarin tolvaptan, maganin da Amurka ta amince da shi a 2018. Ya ce saurin girman ƙulluttan kawai yake ragewa, wanda ya kai ga wanki ya wuce nan. Saura dashe. Tunda Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, ba sai mun nemi bizar Indiya ba. Mai bayarwar ne babu. Ni an gwada, jininmu bai zo ɗaya ba.

Ƙaninsa mai shekara 27 da bakinsa ya ce zai bayar. Sai likita ya zaunar da shi: duk wanda mahaifinsa ke da ciwon nan rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira, kuma a shekarunsa hoton ciki kaɗai ba ya wanke mutum, sai an haɗa da gwajin ƙwayoyin halitta. Tun ranar ba mu sake ganinsa ba. Wallahi ban ga laifinsa ba. An sa masa rana, akwatunan lefe na jere a ɗakin Hajiya mahaifiyarsu. In aka ce yana da shi, ya faɗa wa iyayen yarinya ko ya ɓoye? Hajiya kuwa cewa ta yi ba za a yanka mata 'ya'ya biyu ba.

Wani ya raɗa mana wai akwai yaran da ke sayarwa. Na ce Allah Ya kiyaye. Dokar lafiya ta 2014 ta hana, kuma kowa ya ga yadda ta ƙare wa Sanata Ekweremadu a Landan, inda aka ɗaure shi kan yunƙurin cire wa wani matashi ƙoda.

Anti, in same shi in roƙe shi, ko in bar wa manya? Matar yayansa ce ni, bakina gajere ne a gidan. Sannan yaranmu fa, a gwada su tun yanzu ko a bari su girma su zaɓa da kansu?

Don Allah a sakaya sunana.

'Yar'uwarki daga Kano