Kundin tsare-tsaren gwamnatin jiha: a wane wata, kuma da kuɗin wa?

Assalamu alaikum, Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili a wannan jarida in ce wani abu kan kundin da gwamnatocin jihohi da larduna kan ƙaddamar da zarar sun kama mulki. A ko'ina a duniya maganar kusan ɗaya ce: za a bunƙasa noma, za a tallafa wa masunta, za a gyara ilimi, za a jawo masu zuba jari. Ba na zargin masu rubuta shi da mugun nufi. Matsalar ita ce kundin yakan lissafa abin da za a saya, tan kaza na taki, tarakta kaza, kwale-kwale kaza, ajujuwa kaza, amma da wuya ya faɗi watan da kayan za su isa hannun mai buƙata, ko kuɗin da za a riƙe su da shi a shekara ta biyu da ta uku. A nan kuwa shirin yake tashi ko ya mutu.

Mu fara da taki, tunda shi ne ya fi cin kuɗi. Masara ba ta san ranar da majalisa ta amince da kasafi ba. Tana son zubin farko na kamfa tsakanin kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, zubi na biyu na yuriya kuma a mako na huɗu zuwa na shida, kafin ta fitar da bunu. Takin da ya iso bayan wannan lokaci ihu ne bayan hari, shi ya sa manomi kan sayar da rabonsa a bakin sito, sai a ce ba shi da godiya. Lissafin da ya kamata a yi na komawa baya ne: a tsayar da makon da aka saba fara shuka, taki ya kasance a siton gunduma mako shida kafin nan, kwangila da sakin kuɗi kuma su riga wannan da aƙalla wata uku saboda dako da tantancewa. In shekarar kasafi ba ta ba da wannan dama ba, a sa kuɗin takin baɗi a kasafin bana.

Sai yawansa. Shawarar da aka fi bai wa mai noman masara a ƙasar da ta gaji ita ce kilo 120 na naitirojin a hekta guda. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi ne kawai, buhun yuriya kuma kilo 23, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Ke nan hekta guda tana neman wajen buhu takwas na kamfa da kusan uku na yuriya. Wanda aka ba buhu biyu ya watsa a hekta guda ba zai ga bambancin kirki ba. Gara a gaya masa gaskiya, ya tattara su a rubu'in gonar. Yuriya kuma ba a barbaɗa ta a saman busasshiyar ƙasa: a tona ɗan rami nesa da gindin shuka kamar faɗin yatsu uku, a zuba, a rufe, ƙasa tana da damshi. In an bar ta a fili, kaso mai yawa yakan tashi iska a matsayin amoniya cikin 'yan kwanaki. Malamin gona ne zai nuna wannan, shi kuwa kundin yakan manta da babur ɗinsa da man da zai zuba.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 za su ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, a taron Abuja na 2006 kuma suka ce za a ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa 50 a hekta kafin 2015. Ƙasashe ƙalilan ne suka kai. Malawi ta fara ba manomanta takardar rangwamen buhu biyu da iri a 2005, masara ta ƙaru, amma a wasu shekarun shirin ya cinye fiye da rabin kasafin ma'aikatar gona, bincike da malaman gona da hanyoyin karkara suka koma cin ragowa. Jihar da za ta kwaikwayi wannan ta fara yanke iyakar abin da rangwame zai ci.

Iri ma a gwada shi kafin a biya ɗan kwangila. A ɗebi ƙwaya 100 daga buhuna daban-daban, a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, a lulluɓe, a ƙirga bayan mako guda. In waɗanda suka tsiro ba su kai 85 ba, a mayar masa da kayansa. A kuma faɗa wa manoma in irin haibirid ne, wato irin aure, don kada su ajiye na baɗi daga ciki, amfanin yakan ragu a shuka ta biyu.

Tarakta ba zan daɗe a kanta ba. Tana son canjin baƙin mai duk wajen awa 250 na aiki, tana son bakaniken da ya san ta, da dillalin kayan gyara a kusa. Gwamnatin da ta sayo samfuri uku daga ƙasashe uku ta sayo wa kanta maƙabartar ƙarafa.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne hatsin da aka noma ya lalace a rumbu. Masara ba ta shiga ajiya sai damshinta ya sauka zuwa kashi 13. In ya haura, funfuna ta kama ta, gubar afalatoksin ta biyo baya, masu masana'anta su ƙi saya. Inda babu na'urar awo, a zuba hatsin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Buhun PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, muddin an ɗaure kowace leda daban kuma ɓera bai huda ba. Kuɗin ƙaton sito guda a babban birnin jiha zai sayi irin waɗannan buhuna ga ƙauyuka masu yawa.

Kamun kifi kuwa, duk mai rubuta tsari ya kamata ya san labarin Kalokol, a bakin tabkin Turkana na ƙasar Kenya. Norway ta gina wa yankin katafariyar masana'antar daskarar da kifi, aka kammala a farkon shekarun 1980. Ba ta daɗe tana aiki ba aka rufe, domin daskarar da kifi a zafin hamada yana cin wutar da kuɗin kifin ba zai biya ba, sannan ruwan sashen tabkin da aka dogara da shi ya janye. Ginin ba shi da laifi, lissafin riƙonsa ne ba a yi ba. Mai son rage asarar masunta ya fara da ƙanƙara: a ƙasa mai zafi, kilo guda na ƙanƙara ga kilo guda na kifi, a akwati mai riƙe sanyi, tun daga cikin jirgi. Inda wuta ba ta tsayawa, ingantaccen murhun banda ya fi ɗakin sanyi amfani. Murhun Chorkor da aka fara a Gana a 1969, mai faifan waya hawa-hawa, yana cin itace kaɗan kuma kafinta da magini na gari za su iya yin sa.

Rabon jirage da injuna yana da daɗin hoto, amma sai a fara tambaya ko kifin yana nan. In abin da masunci ke kamawa a fita guda yana raguwa shekara bayan shekara, girman kifin ma yana raguwa, ƙarin jirage ƙarasa ruwan zai yi. Abin da ake buƙata a nan doka ce kan idon raga, hana kamun kifi da gidan sauro a wurin da kifi ke ƙyanƙyasa, da rufe ruwa lokacin zuba ƙwai. A tabkin Biktoriya an taɓa ƙayyade cewa giwan ruwa da za a kama ta kasance tsakanin santimita 50 zuwa 85, a bar ƙanana su girma, a bar manyan iyaye su hayayyafa. Sai dai dokar rufe ruwa ba ta aiki a kan mai jin yunwa. Bangladesh takan hana kamun kifin hilsa na kwana 22 a wajen watan Oktoba, tana kuma raba wa masuntan da ke da rajista shinkafa. In kundi ya ce za a rufe ruwa, a nuna mana layin kasafin da iyalan masunta za su ci a wannan lokacin.

Kiwon kifi ma ana yi masa gurguwar fahimta. A tara matasa, a ba kowa tanki da 'ya'yan tarwaɗa 1,000, a ɗauki hoto, a watse. Alhali abinci ne kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwon. Kafin waɗannan dubu su kai kilo ɗai-ɗai cikin wata biyar zuwa shida, za su ci tan 1.2 zuwa 1.5, wato buhu 80 zuwa 100 na mai kilo 15. Wanda aka ba buhu goma zai kai wata na biyu ya tsaya, kifin ya tsumbure, manya su fara cin ƙanana tunda ba a koya masa ware su bisa girma duk mako biyu ba. Ga canjin ruwa, wanda ke nufin rijiya da famfo da mai. Ruwan da ya yi wari ko kifin ya daina cin abinci, amoniya ce ta taru. Gara a ɗauki mutum 50 a raka su har girbi biyu, a haɗa su da mai saye, da a raba wa 500 abin da zai mutu a hannunsu.

A ɓangaren ilimi, gini ne ke cinye kundin. Amma duk ginin aji shida alkawari ne na albashin malami shida har illa masha Allahu, da alli da littafi da gyaran rufi. In ana son malami guda ga yara 40, a raba yawan yaran da 40, a cire malaman da ke aji da gaske, ba waɗanda ke takardar albashi ba, sannan a ga giɓin. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su gane. Yawancinsu kuwa suna zuwa makaranta.

Jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Brazil, wadda ba ta cikin masu arziki, ta bi wata hanya tun 2007. Ta sa burin kowane yaro ya iya karatu a ƙarshen aji biyu, tana gwada su duk shekara, sannan ta ɗaure wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da sakamakon gwajin. Shugaban ƙaramar hukuma ya wayi gari kuɗinsa yana rataye da ko yaran ƙauye sun iya haɗa baƙi. Yau makarantun firamaren jihar suna sahun gaba a ƙasar. Ga yaran da aka riga aka bari a baya, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta nuna hanya mai araha: a gwada yaro baki da baki, ko ya san baƙaƙe, ko kalma, ko sakin layi, ko labari, a karkasa su bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, a ba su awa guda zuwa biyu kullum na kwana 30 zuwa 50, a sake gwadawa. A yi shi da harshen da yaron ke ji a gida.

Batun masana'antu lissafi ne tsagwaronsa. Injin casar shinkafa mai cin tan biyu a awa, in zai yi awa 16 a rana na kwana 250, yana buƙatar tan 8,000 na shanshera a shekara. A kan tan huɗu a hekta, gonar hekta 2,000 ke nan, kuma dole a sayi mafi yawanta cikin watanni biyu ko uku na kaka, da kuɗi a hannu. Gwamnati takan gina injin ta manta da jarin saye, sai dillalai su kwashe shansherar, injin ya yi wata uku ya kwanta. Aikin da ya fi dacewa da gwamnatin jiha shi ne hanyar da mota za ta bi da damina, wutar da ke tsayawa, takardar fili da banki zai karɓa, da rage shingayen karɓar haraji a hanya. Tana kuma iya zama mai saye: dokar Brazil ta 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Sharaɗin kawai a biya su cikin makonni, don ƙaramin manomi ba zai iya bin gwamnati bashin wata shida ba.

Edita, a nan jarida take da aiki. Wani bincike a Uganda ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kacal na kuɗin gudanarwa da aka ware wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, aka umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Ina roƙon ku ware shafi duk wata uku, ku nemi ma'aikatun gona da ilimi da kuɗi su ba ku abin da aka ware, abin da aka saki da ranar sakinsa, ranar da taki ya isa kowace gunduma, yawan taraktocin da ke tashi, da yaran aji biyu da suka iya karatu. Ma'aikatar da ta ƙi bayarwa, ku buga sunanta ku bar gurbinta fari.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku a kullum.