Ba kowace lamba ake fitar wa abareji ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a? Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da malaman jami'o'inmu da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni sana'ata taya ɗalibai lissafin furojek a kwamfuta, su kawo takardun tambayoyin da suka raba mu shigar a SPSS, manhajar lissafin ƙididdiga. Satin da ya wuce wata yarinya ta zo da aikinta, a tambayar aure ta ba marasa aure lamba 1, masu aure 2, waɗanda aure ya mutu 3, waɗanda aka mutu aka bari 4, sai ta tara lambobin ta raba da yawan mutanen, ta fitar da abareji 2.3 ta rubuta a babi na huɗu kuma sufabaiza, malamin da ke duba aikinta, ya sa hannu. Na ce ƙanwata wane mutum ne 2.3 ɗin nan? Ta yi shiru, can ta ce ai kwamfuta ce ta ba ta. Wallahi tausayi ta ba ni, don ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata lambobin nan suna ne kawai, kamar lambar da ke bayan rigar ɗan ƙwallo.

Kuma abin ba sabo ba ne, tun 1946 wani masani a jami'ar Harvard ta Amurka, S. S. Stevens, ya rubuta a mujallar Science cewa ma'auni hawa huɗu ne. Akwai na suna, irin sana'a ko unguwa ko yare, wannan ƙirgawa kawai ake yi a ce mutum kaza ne. Akwai na jeri, irin firamare, sakandare, jami'a, ka san wanda ya fi wani amma ba ka san da nawa ba. Sai na tazara irin awon zafi na Celsius, digiri 40 a Sakkwato ba ninki biyu ba ne na 20 a Jos saboda sifilinsa ba ya nufin babu zafi. Sai na ninki, shekaru, kuɗin shiga, yawan 'ya'ya, buhun masara, a nan mai buhu 10 ya ninka mai 5 ba gardama.

Inda abin ya fi damuna shi ne tambayoyin nan na na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam, waɗanda suka samo asali daga Rensis Likert a 1932. A furojek ɗin da ke zuwa hannuna kusan kowa 4, 3, 2, 1 yake sawa, sannan a kafa dokar wai duk abarejin da ya kai 2.50 jama'a sun amince. To a ce mutum 100 ka tambaya ko sun gamsu da asibitin garinsu, 50 suka ce sun gamsu sosai, 50 suka ce sam, abareji 2.50 cif, sai a rubuta an gamsu alhali gari ya rabu gida biyu, rabin mutane suna kuka amma tebur ya haɗiye su. Na san masana suna da saɓani a kan wannan, da yawa sun yarda a haɗa tambayoyi masu yawa kan abu ɗaya a fitar da jimla, shi ma Likert haka ya yi, amma tambaya ɗaya tilo fa? Ballantana mu da ake rubuta tambaya da Turanci a je ƙauye a yi ta da Hausa, dattijo ya ce maka "to, ba laifi" ko "da sauƙi", kai kuma ka zaɓa masa 3 ko 2 yadda ka ga dama, wa ya auna tazarar da ke tsakaninsu?

Wani ɓarnar kuma tun wajen rubuta tambaya ake yinta. Maimakon a ce shekarunka nawa sai a sa 20 zuwa 30, 30 zuwa 40, mai shekara 30 bai san inda zai shiga ba, kuma ka zubar da lamba ta gaske da hannunka, ba ta dawowa.

Roƙona ga malamai, dan girman Allah a duba takardar tambayoyi kafin a buga ta a raba, kowace tambaya ɗalibi ya faɗi hawanta da lissafin da zai yi da ita. Yarinyar nan mun sake teburinta da ƙirga da kashi cikin ɗari, amma tambayar shekarun, da ita ma ta rubuta a 20 zuwa 30 ɗin nan, sai dai ta koma ƙauyen, kuma saura kwana 9 difens ɗinta, wato ranar da za ta kare aikin a gaban malamai.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku kullum, daga Kano